Kuɗin Allurar Sammore

"Fam ɗaya da sule goma ne, Inna," in ji malamin dabbobi, yana mai da allurarsa cikin akwati.

Tsohuwar ta tsaya tana dubansa. Kasuwa uku ke nan tana koro saniyarta daga ruga zuwa Tudun Wada, tun da cutar sammore ta kama ta. Saniyar kaɗai mijinta ya mutu ya bar mata, kuma da nononta take sayo wa jikokinta dawa.

"Malam, sau uku ina tambayarka nawa ne, kana cewa mu ceci rai tukuna."

"To, ba ga shi mun ceta ba?"

"Da ka faɗa mini tun farko, da na koma ga sassaƙe da kanwa."

Ta kwance bakin zanenta, ta fito da sule huɗu da sisi. Ko kallonsu bai yi ba. Idonsa yana kan maraƙin da ke maƙale da uwarsa.

"Bar mini wannan mu rabu lafiya. Na ma yi miki sauƙi."

Ta bari.

Washegari ta durƙusa da ƙwarya. Saniya ta warke sarai, jiki na sheƙi, hantsa cike. Amma irinta ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa. Tsohuwar ta yi ta tatsa har yatsunta suka sage, saniyar na kuka tana fuskantar hanyar Tudun Wada. Jikokin na tsugunne da ludayinsu, ƙwaryar kuwa ko ɗigo.