Hular Baba a Kan Famfon Mai

A-kori-kurar Baba bugu ɗaya take tashi da safe, amma in ta ɗauki zafi sai ta ƙi. Wata la'asar a mayankar Trans-Amadi ta Fatakwal, mun loda nama, ta ƙi tashi.

Na ce, "Baba, ta mutu?"

"Kul! Mota ba ta mutuwa. Zafi ne ya dafa fetur a famfon mai. Bari ta huce."

Ya jiƙa hularsa ya ɗora a kan famfon. Warin fetur da jiƙaƙƙiyar hula ya cika mini hanci. Can ya murɗa makulli, ta tashi.

Da zazzaɓi ya kwantar da shi, na jiƙa hular nan na ɗora masa a goshi. Ya huce kuwa, ya yi sanyi ƙalau, bai tashi ba.

Har yau bakina ba ya iya cewa mota ta mutu.