Fatalwar Gindin Gwaiba

Sadiya ta shimfiɗa kwali a kan teburin cin abinci, ta ja layin soron farko. Gobe Lahadi Baba Isiyaku zai zo da mota ya ɗauki yayansa, Alhaji Audi, ya kai shi ƙauye.

Kuma ba mugunta ba ce, kar a ɗora wa mutum abin da bai yi ba. Tun da mantuwa ta kama Alhaji yake cewa baƙi sun tsare shi a gidansu. Ran Talata a shatale-talen Mando aka tsinto shi, ba takalmi, yana tambayar hanyar gida. Isiyaku ya ce ai shi ke nan, a ƙauye ko bai san mutane ba ya san itatuwa. Da aka matsa masa da roƙo ya yanke magana: "Ya gane mutum ɗaya a gidan nan, guda ɗaya tak, na bar muku shi."

Sadiya ce ke jinyarsa. Ita ke ba shi magani, ita ke yanke masa farce. An gaya masa sunanta, ya kuwa riƙe shi gam. "Sadiya, ruwa." "Sadiya, Allah ya yi miki albarka, ke 'yar wane gida ce?" Duk kiran da zai yi sai ta ji kamar an ɗiga mata tafasasshen mai.

An gwada hotuna, an gwada tsofaffin abokan aikinsa na ma'aikatar safiyo. Shiru. Abu ɗaya ya rage, wasan da ya koyo a jami'a a Zariya, wanda ya riƙa shirya wa yaransa duk Asabar. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya zama wani a ciki, a jefa ƙwayar ludo a ga ko abin da ka yi niyya ya yiwu. Na tsoro ya fi so, gidan da ya ruɓe, rijiya mai numfashi, ƙofar da ba a buɗewa.

To, shi ta zauna shiryawa. Ta zana dogon zaure mai jemagu, da bene mai ƙara ko ba a taka ba. Fahad da Yasmin, ƙananan 'ya'yan Alhaji, suka tsaya a kanta.

"Wannan wane gida ne?" in ji Yasmin.

"Tsohon gidan Unguwar Shanu ne. Ba a haife ku ba."

Ba ta duba komai ba ta sa rijiya a kudu, madafa a bayanta. Da ta zo kan bishiyar gwaiba sai ta dakata, ta shafa girarta ta hagu, sannan ta ci gaba.

Fatalwar ce ta fi ba ta wuya. Fahad ya ce a yi dodo mai haƙora. Ta ce a'a. Yarinya ƙarama za a yi, mai yawo a gidan da kofin ruwa a hannu, maigidan na kau da kai duk ta gifta. Ba za ta huta ba sai wanda ya isa gindin gwaibar ya kira sunanta.

"Abba da bai san mu ba, shi zai san fatalwa?" in ji Fahad.

Ta ci gaba da zanenta. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Washegari Isiyaku ya iso bayan la'asar, hadari ya haɗo, ya ga ƙwayar ludo ya taɓe baki. "Caca kuma da tsufansa?" Ya zauna a bakin ƙofa, mukullin mota a hannu.

Aka zaunar da Alhaji. Ya dubi kwalin, ya ce, "Sadiya, wa ya zana wannan? Arewa ba nan take ba." Ya juya shi daidai. Ta fara ba da labari da murya ƙasa-ƙasa.

Suka shiga zauren, jemagu suka tashi. Yasmin ta jefa ƙwaya, bene ya rufta da ita. Alhaji ya yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a ji ba. Fahad ya ce zai leƙa rijiya, Alhaji ya buge masa hannu. "Marfinta ruɓaɓɓe ne, malam." Malam ya ce masa. Ɗan cikinsa.

Ruwa ya sauko. Isiyaku ya duba agogo.

Alhaji ya jefa ƙwaya, ya isa gindin gwaiba. Sadiya ta ce:

"Ga yarinya nan tsaye, Alhaji. Daga bishiyar nan ta faɗo, jini na zuba a girarta. Ta ɗago tana kallonka. Kira sunanta."

Ya dubi bishiyar da ke kan kwali. Ya ɗago ya dubi fuskar Sadiya, ya daɗe a kan tsohon tabon da ke girarta. Leɓɓansa suka motsa, ba abin da ya fito.

"Abba, faɗi mana," in ji Yasmin, tana kuka. "Ai tun safe kake faɗinsa."

Isiyaku ya miƙe, mukulli ya yi ƙara. "Kun dai gani da idonku."

Sai Alhaji ya sunkuyar da kai, ya juya fuskarsa wajen bango. Ya taɓa gwiwar Fahad, ya nuna wajen Sadiya da hawaye ke zubo mata, ya yi magana a hankali.

"Kai, ce wa waccan ta goge idonta, ta kawo min ruwa."

Isiyaku ya tsaya cak. Ya mai da mukullin aljihu, ya koma ya zauna. Sadiya kuwa ta kifa kai a kan kwalin tana kuka tana hamdala, don tun da ciwon nan ya fara, yau ne Alhaji ya ji kunyar sunanta, kuma uba Bahaushe ba ya kiran sunan 'yarsa ta fari.