Murhun Gwaggo Tasalla

Tun da aka kawo na'urar shata mazaɓu, duk ranar zaɓe mutanen Unguwar Marina kan wayi gari da jan layin haske kwance a ƙasa. Doka ta ce inda murhunka yake, nan ƙuri'arka take.

Bana layin ya ratsa tsakar gidan Gwaggo Tasalla, ya bar murhunta a mazaɓar Tudu, inda ba wanda ya damu da karyayyiyar gadarsu. Zaɓe uku ke nan ana yayyanka unguwar, ƙuri'unsu na ɓacewa cikin na wasu, gadar kuwa tana nan yadda ruwa ya bar ta.

Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabcinta. "Malam Barau, ku ina aka jefa ku?"

"Gangare, Gwaggo. Sai da na duba ko an raba ni da matata."

"Bar wasa. Zo ka kama mini duwatsun nan."

Suka tsallaka da duwatsun murhun gefen Gangare, da sauran ɗuminsu. Gida-gida mata suka yi haka, har unguwar ta haɗu a mazaɓa guda. Gwaggo ta hura wuta.

Hayaƙi na tashi, layin ya motsa. A hankali ya matso, ya bi ta tsakanin ƙafafunta, ya sake mayar da murhun Tudu.

Barau ya rage murya. "Gwaggo, ashe yana kallonmu."