Sandar Mai Unguwa da Rariyar Bango

Kai da aka ɗora wa duba gine-ginen mutane, ga wani misali, ka riƙe shi. An yi wata unguwa a kan gangare, gidajenta goma sha bakwai a jere, daga tudu har bakin kududdufi. Dokar wurin guda ɗaya ce, kuma ta girmi duk mazauna unguwar: wanda zai ta da bango, ya bar rariya mai faɗin kamu ɗaya, domin ruwan sama ya fito daga gidan maƙwabcinsa na tudu, ya ratsa tsakar gidansa, ya wuce gidan da ke ƙasa da shi, har ya faɗa kududdufi. Mai unguwa yana da sandar gora da aka yanke daidai kamu, ya gaje ta daga mahaifinsa. Duk bangon da aka gina sai ya je ya gitta ta a bakin rariya. In ta shige, gini ya halatta.

Wata shekara da rani, wani mai shagon atamfa ya sayi gidan ƙarshe, na bakin kududdufi, ya rushe shi, ya ce zai yi na bulo. Bai so ruwan gidaje goma sha shida ya riƙa bi masa ta tsakar gida da kwaɗi da tsinken tsintsiya ba. Sai ya sa aka juye masa tifa biyu ta jar ƙasa, ya ɗaga filin, birkila ya bar rariya kamu ɗaya cif, amma taƙi biyu sama da daɓen maƙwabci. Mai unguwa ya zo da hantsi, simintin bai ko sha iska ba. Ya gitta sanda, ta shige. Ya sunkuya ya duba, ya gane sarai ruwa ba zai hau nan ba, don ruwa bai taɓa hawan matakala ba. Bulo uku ne kawai, da ƙafa ma zai iya ture su. Mai atamfa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ga sanda ta shige. Ko akwai wata dokar da ba mu sani ba?" Ga leburori tsaye suna kallo, ga mutumin baƙo ne, ya kuma yi gaisuwa yadda ya kamata. Mai unguwa ya ji nauyi, ya ce a bari damina ta zo a gani.

Damina ta zo, aka gani. Ruwa ya kwanta a gida na goma sha shida har kwana uku. Mai gidan bai kai ƙara ba, sai ya sayo tasa jar ƙasar, ya ɗaga nasa daɓen ya fi na mai atamfa, shi ma ya bar rariya kamu ɗaya. Na bayansa ya yi haka, na bayan wannan ma ya yi. Kowane rani mai unguwa na yawo da sandarsa, tana shigewa, yana komawa gida yana tsaki shi kaɗai, har iyalinsa suka daina tambayarsa abin da ke damunsa. Cikin shekara huɗu gidaje goma sha shida sun tashi sama. Saura ɗaya, na tara a jerin, gidan wata tsohuwa maginiyar tukwane, wadda ba ta da halin sayen ko kwandon ƙasa. Gidaje takwas na tudu, da su ma suka ɗaga don kada ruwan gidanta ya komo musu, suna zubo mata, rariyar da ruwan zai fita kuwa ta koma daidai gwiwarta. Mai unguwa ya bi gida gida yana roƙo a fasa a sauke. Kowa ya karɓe shi da mutunci, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce, "Wallahi a shirye nake, a dai fara da na ƙasa da ni." Ya bi su har kan mai atamfa, ya iske an yi ɗaki biyu a jikin bangon nan, an shafa fenti, yara na karatu a ciki.

Ran wata Talata cikin marka, bayan la'asar, aka yi ruwa na sa'a biyu ba tsayawa. Da ya ɗauke, mai unguwa ya naɗe wandonsa ya shiga gidan tsohuwar. Bangon ɗakinta na gabas ya zauna. Tuluna da randuna arba'in da ɗaya da ta jera a rumfa suna shan iska, ba a kai ga gasa su ba, duk sun koma yumɓun da aka ɗebo su. Ya iske ta tsaye cikin ruwa, tana kwasar taɓon da hannu tana zubawa a kwando. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta dubi abin da ke hannunsa, ta ce, "Sannu da zuwa, mai unguwa. Gwada tawa ma, na san za ta shige." Ya tsaya riƙe da sandar, ya tuna bulo ukun nan da ɗanyen siminti, da safiyar da ƙafa ɗaya ta isa ta yi aikin da yau sai an fasa gida goma sha shida.

To, ka ji. Mutumin nan bai ci hanci ba, bai yi ƙarya ba, kunyar sa'a ɗaya kawai ya ji. Ita kuwa tsohuwar ta san abin da masu sana'arta suka daɗe da faɗa: tun ran gini, ran zane.