Sunan da Mero Ba Ta Faɗa

"Zubairu za a sa mai," in ji matata Mero, kwana biyu da haihuwa. "Sunan babban sahabi ne, jarumi." Na yarda nan take, har na riƙa yabon iliminta a majalisarmu ta garin Zagga.

Amma tun ranar suna ba ta taɓa kiran yaron da sunansa ba, sai dai ta ce "wanga". Abin ya ɗaure mini kai, don ɗan fari ake yi wa wannan kunya, shi kuwa na uku ne. Ni da nake mijinta ma "Sufyan" take kirana gatsal, wai ita 'yar zamani ce.

Bana muka ƙetara ƙasar Benin bikin ƙanwarta. Wani dogon masunci ya shigo gaida surukata. Tsohuwar ta washe baki ta ce, "Zubairu! Yau ka tuna da mu?"

Mero ta ja mayafi ta rufe fuska, irin yadda amarya ke yi in ango ya shigo.

Ashe ba kunyar ɗa take ji ba, kunyar miji ce. Kuma ni da bakina na raɗa wa ɗana sunan mutumin a kunne.