Farantin da Bai Huje Ba

Ta ɗaga farantin gwajin a hasken taga, ba ta ga huda ko ɗaya ba. Shekara tara ƙwayar cutar tana cinye ƙwayoyin halittar da take raino a ɗakin bincike, ta bar mata faranti kamar rariya. Yau kuwa sumul yake.

"Ka dai manta ba ka zuba cutar ba," ta ce wa abokin aikinta.

"Haba Dakta! Sau uku na maimaita. Sinadarin nan da muke gwadawa ya tare ta."

Ta koma gida da wuri, ta tarar da mahaifiyarta tana ninke wanki.

"Yau kuma fara'a? Wai wace cuta ce ta hana ki sakat tun da muka rasa jaririnki?"

Ta dubi ɗan ƙurjin da ya sake fitowa a leɓen tsohuwar, aikin ƙwayar da take yaƙa. Da leɓen nan mai ƙurji tsohuwar ta yi ta sumbatar jikanta don murna, yana ɗan kwana shida. Kwana goma ya ƙara a duniya.

Ta kama mata ɗaya bakin zanen, suka ninke tare.

"Wata cuta ce, Mama. Ba ki san ta ba."