Falken da Ya Ratsa Tsakanin Maraƙi

Habila, ajiye takardar nan ka dube ni. Tun safe nake jin ka kana rera kalmomin Ibrananci kamar mai tallar gyaɗa: nabi, annabi, kohen, firist, berit, alkawari. Bakinka ya iya, ban ƙi ba, jarrabawa ma za ka ci. Amma gobe kai ne za ka tsaya gaban jama'a ka fassara musu tsofaffin littattafan nan, shi ya sa abin yake ba ni tsoro. Su masu harshen, berit yanka shi suke yi. Bari in ba ka misali, ko ka rage gudu.

An yi wani falke mai kaifin kai, irin wanda in ya kwana biyu a gari sai ya tashi da harshen garin a bakinsa. Wata shekara hanya ta ɓace masa a hamadar ƙasar Ibraniyawa, salkunansa suka bushe, jakunansa suka fara durƙushewa. Allah ya haɗa shi da wasu makiyaya masu ɓoyayyiyar rijiya a cikin duwatsu, wadda da ita suke raye, su da 'ya'yansu da bisashensu. Ya roƙe su ruwa da harshensu, ba gargada. Tsohonsu ya ce za su ba shi, amma sai an yanka alkawari cewa ba zai taɓa nuna wa kowa hanyar rijiyar ba, don in mahara suka sani, su kam sun ƙare. Suka kawo maraƙi suka tsaga shi biyu daga kai har wutsiya, suka shimfiɗa rabi nan rabi can, jini na kwarara a tsakani. Tsohon ya ce, "Baƙo, ka san abin da za ka taka?" Falke ya ce, "Haba baba, alkawari ne, ai na san kalmar." Ya tattare riga ya ratsa ta tsakiya, idonsa na kan cinyar maraƙin, yana tunanin ko za a gasa. Ba wanda ya sa shi rantsuwa, shi kuwa a ganinsa ya tsinci dami a kala. Bai san tafiyar ita ce rantsuwar ba. Duk wanda ya ratsa, cewa ya yi in ya saɓa a yi masa yadda aka yi wa dabbar. Ba a gasa naman ba. Aka bar shi nan cikin rana, ko ƙuda bai sauka a kai ba.

Ya sha, jakunansa suka sha, ya koma gida lafiya, ya kuma riƙe bakinsa har damina ta zagayo. Rannan a zauren wani madugu ana hirar hanya, kowa na faɗin wuyar da ya sha, sai son a sani ya ɗebe shi. Ya zana hanyar rijiyar da yatsa a ƙasa, dutse bayan dutse. A ransa ya ce ai magana ce, magana kuwa iska ce. Iskar ta kai kunnen mahara. Abin da ya sami makiyayan nan, ba na son faɗa.

Wata safiya matarsa ta kawo masa kunu, ta tsaya da kwano a hannu ta ce, "Maigida, me ya karce ka a goshi?" Ya shafa, bai ji komai ba. Wani siririn jan zane ne kamar zare, ya taso daga tsakar kansa ya sauko ta hanci. Ya wanke da sabulu, ya goga toka, zanen ya bi ta haɓa ya shige cikin riga. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, wannan ne ma ya fi tsorata shi. Sai hannun dama ya ɗauki abu, na hagu ya mayar. In ya yi magana, a ji kamar mutum biyu ne ke faɗa tare, ɗaya na ɗan makara. Ranar da ya tsaya a tsakar gida da hantsi, matar ta ga hasken rana ya ratsa ta tsakiyar inuwarsa, ta saki tulu ta fita da gudu, ba ta ƙara kwana a gidan ba. Ya bi masu magani, kowa ya duba sai ya mayar masa da goronsa. Ya yi kuka, ya ce shi bai sani ba, ba wanda ya gaya masa. Ni kam yana ba ni tausayi ƙwarai, amma ai an tambaye shi.

Ranar ƙarshe an yi yayyafi, ƙasa ta yi laushi, maƙwabta suka tarar da ƙofarsa a buɗe. Sawunsa ya fito daga ɗaki daidai, dama da hagu, har bakin zaure. Daga nan sawun ƙafar dama ya yi gabas shi kaɗai, na hagu ya yi yamma shi kaɗai. Maza suka rabu biyu suka bi. Ba su yi nisa ba wani dattijo ya aika a kira su, ya ce kowa ya koma gida, shi ba ya so a ga abin da ke tafiya da ƙafa ɗaya. Ba a ƙara jin ɗuriyar falken ba.

To, Habila, mutumin nan ya san kalmar kamar yadda ka san ta. Kafin ka buɗe baki gaban jama'a, je ka binciko abin da masu kalmar suke yi da hannunsu in sun faɗe ta. Hausawa dai sun gama magana: rashin sani ya fi dare duhu.